Daga Dalar Gyaɗa zuwa Kasuwar Sabon Gari

Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, auduga Turawa suke nema domin masaƙun Ingila. Manomin ƙasar Kano ya yi nasa lissafin dabam. Masaƙan gida sun fi kamfani sayen auduga da daraja. Gyaɗa kuwa ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma ciniki ya ƙi sai a matse mai a ci ƙuli-ƙuli. Ga haraji wanda tilas a biya shi da kuɗin Bature. Saboda haka a kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashe ta. Wanda duk ya ce manomin Hausa ba ya karɓar sabon abu bai karanta tarihin wannan shekara ba.

A cikin wannan hada-hada aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan jirgi 'yan Kudu, kasuwarta ta tashi a gefen Fagge, tsohon zangon fataken Sahara. Watau ciniki ya juya wa hamada baya, ya fuskanci teku. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka ƙware a fataucin goro na Gwanja, suka baza yaransu ƙauyuka suna sayen gyaɗa. Kuɗin da manomi ya samu kuwa, da yawansa a Sabon Gari yake ƙarewa, wajen atamfa da kananzir da kwanon sha da keke.

Daga 1949 sayen gyaɗa ya koma hannun hukumar ciniki ta gwamnati, wadda take yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙe rarar. An yi ayyuka da wannan rara, babu shakka, amma kaɗan ne ya koma gona. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Nijeriya fitar da gyaɗa, alhali mai noma ta yana nan da fartanyar da ya gada. Da farin 1973 ya zo, cutar kuturun gyaɗa ta biyo baya a 1975, ba shi da abin da zai jingina da shi. Gwamnati kuma ta sami man fetur, hankalinta ya bar karkara. Dalar gyaɗa ta ɓace, aka rushe hukumomin ciniki a 1986.

Kasuwar dai ba ta mutu ba. An sāke gina ta a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, ta kuma farfaɗo bayan gobarar 2016. Sai dai kayan da suka cika rumfunanta yawancinsu daga Sin suke zuwa, masaƙun Sharaɗa da Bompai da dama kuwa a rufe suke. Riɗi da zoɓorodo da ake ɗaurawa a Dawanau ɗanyu suke fita, kamar yadda gyaɗa ta fita a 1912.