Dara da Wasannin Jera Uku na Kwamfuta: Nazarin Kwatance daga Magarya da Dungas

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta dokokin dara, wasan da Hausawan Magarya da Dungas suka gāda, da na wasannin kwamfuta masu jera abu uku iri ɗaya. Ta nuna cewa hanyar ci ɗaya ce, amma abin da kowane wasa yake nema daga ɗan wasa ya sha bamban.

Gabatarwa

A 1984 Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro Tetris a Mosko. Shekara goma bayan haka, a Rasha dai, Eugene Alemzhin ya fito da Shariki, inda ake musanya ƙwallaye biyu maƙwabta don a jera uku masu launi ɗaya. Kamfanin PopCap ya yayata wannan salo da Bejeweled a 2001, sannan King ya biyo da Candy Crush Saga a 2012. Mai nazari Jesper Juul ya bibiyi tarihin irin waɗannan wasanni a 2007.

A gundumar Magarya, da Dungas wadda aka cire daga cikinta a 2011, kwamfutar gida ba kowa ke da ita ba, lantarki ma bai kai ƙauyuka da yawa ba. Ta wayar salula waɗannan wasanni suka fi isa hannun matasa. Sai dai jera uku ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana kallon manya suna dara a gindin bishiya da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu.

Kwatance

A dara, ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wani kara, wani tsakuwa. Da farko ana dasawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda a jera uku a wannan mataki ba. In an gama dasa sai a shiga tafiya, gurbi ɗaya kacal, ba a karkace ba. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗan abokin karawarsa. Jeri huɗu ba ci ba ne.

Wannan doka ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. A Bejeweled, mai gurabe 64, jera huɗu ko biyar riba ce, har lada na musamman ake samu. Dara kuwa ba ta saka wa mai haɗama. Daidai take nema.

Bambanci mafi girma shi ne sa'a. A kwamfuta, da zarar uku sun ɓace sai sababbi su zubo daga sama, ɗan wasa bai san me ke tafe ba. A dara komai a fili yake, ba abin da ke faɗowa daga ko'ina. Wanda ya dasa da ganganci tun farko shi zai girbi sakacinsa, kuma a gaban jama'a, domin 'yan kallo ba sa yin shiru. A ganina, nan ne darajarta take: tana tilasta wa yaro ya karanci zuciyar wani mutum, abin da wasan mutum ɗaya da allo ba ya bukata.

Kammalawa

Dokokin dara sukan ɗan sāɓa daga gari zuwa gari, kuma a bakin dattawa suke. Ina kira ga malamai da ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram da su shiga garuruwan Bande, Waca, Malawa da Dogo-Dogo su rubuta su, da kalmomin da 'yan wasan suke amfani da su, kafin a yi maganar mayar da dara manhajar waya.