Tarihin Koya wa Yara Karatu da Zanen Taswira a Ƙasar Hausa

Kalmar taswira Larabci ce, kuma saiwarta ɗaya da sura, wato kamanni. Ke nan tun daga sunanta an nuna cewa taswira kamannin ƙasa ce da aka sauke a kan takarda.

Zanen taswira ya riga boko isowa ƙasar Hausa. A shekarar 1824, da Baturen Ingila Clapperton ya sauka Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zana masa yadda kogin Kwara yake gudana. Ya kuma koma gida da taswirar da aka ba shi, aka buga ta a Landan a 1826. Sai dai a wancan zamani ilimin hanya na malamai ne da madugai. Yaro kuwa allo yake riƙewa, yana koyon babbaƙu da farfaru, ba tare da hoto ba.

Al'amarin ya sauya a 1909, lokacin da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Can aka haɗa karatun boko da lissafi da labarin ƙasa. Turawa na da tasu manufa, domin suna neman malaman da za su auna gonaki saboda haraji. Matsalar da ta taso ita ce rashin littattafai. Wannan giɓi ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dakta R. M. East, ta yi ƙoƙarin cikewa. Yara suka samu Ka Koyi Karatu, inda hoto ke jagorantar ido zuwa ga kalma, manyansu kuma suka samu Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda aka fara bugawa a 1937 da zane-zane a cikinta.

Hikimar ita ce, yaron da ya gane cewa zanen rago yana wakiltar rago, ba zai sha wuyar gane cewa layi yana wakiltar hanya ba. Daga nan sai ya zana ɗakin karatu, sai unguwa, sai gari.

Amfanin haka ya bayyana a Wagadugu. Fataken Hausa sun kafa zango a birnin, wanda ya zama unguwar Zangouettin. A 2003 hukuma ta rushe ta ƙarƙashin shirin ZACA, aka mayar da mazauna bayan gari. Yaron da aka haifa bayan haka ba zai san inda gidan kakansa ko makarantar allonsu ta tsaya ba, sai in wani ya zana masa.

Saboda haka, mai nazarin Hausa da ya je tattara labarai a zango, ya roƙi dattawa su zana masa unguwa da sunayen lungunanta, ya rubuta su kamar yadda aka faɗa, ya kuma bar wa yaran gidan kwafi.