Tarihin Mako: Shekara 50 Amurkawa na Neman Rage Shan Man A-kori-kura Mai Jan Tirela

Yau Amurka za mu leƙa, ƙasar da a-kori-kura ta zama motar gida. A can manomi kan ɗaura wa motarsa ƙaramar tirela ya kai shanu ko dawaki kasuwa, magini ya ja injin haƙa, mai iyali kuma ya ja ɗakin kwana mai taya zuwa wurin hutu. Da zarar an ɗaura doguwar tirela, sau da yawa motar kan sha kusan ninkin man da ta saba sha. Tun 1973 masu waɗannan motoci suke ta gyare-gyare don rage wannan asara. Wasu gyaran sun biya kuɗinsu, wasu sun cinye kuɗin mutane a banza, wasu kuma sun kai masu yin su gaban hukuma.

A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka ɗanyen mai saboda goyon bayan da ta bai wa Isra'ila a yaƙin wannan watan. Cikin 'yan watanni gangar mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12, dogayen layuka suka cika gidajen mai. A-kori-kurar wancan zamani babban injin fetur mai silinda takwas gare ta, da kafireto, da giya uku ko huɗu. An ƙera ta ne a lokacin da ba wanda ke lissafin mai.

Matakin farko daga gwamnati ya fito. Ranar 2 ga Janairun 1974 shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a manyan hanyoyi zuwa mil 55 a awa, wato kusan kilomita 89. Direbobi sun tsani dokar, da yawa ma ba su bi ta ba, har aka soke ta gaba ɗaya a 1995. Amma lissafin da aka gina ta a kai bai canza ba: turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ta fi shi saurin hauhawa. In ka ninka gudu sau biyu, iska za ta tokare ka sau huɗu. Daga kilomita 90 zuwa 110 a awa kaɗai, turjiyar na ƙaruwa da kusan rabi.

A 1975 aka kafa dokar da ta tilasta wa kamfanoni ƙera motoci masu tsimin mai, ta kuma fara aiki a kan ƙananan a-kori-kura a 1979. Manyan a-kori-kura, waɗanda su ne ainihin masu jan tirela mai nauyi, an bar su a waje. Mai irin wannan mota sai ya nema wa kansa mafita, kasuwa kuwa ta buɗe wa masu dabara da masu damfara baki ɗaya.

Masu damfara sun yi ciniki sosai. An sayar da ƙwayoyin jefawa a tanki, da ƙarafan da ake cusawa a bututun iska wai su juya ta, da faranti na musamman da ake sa wa ƙarƙashin kafireto. Wajen 1980 har yayin maganaɗisun shanu aka yi. Maganaɗisu ne da makiyaya ke ɗura wa saniya don ya kama ƙusa ko wayar da ta haɗiya, sai mutane suka riƙa ɗaure shi a jikin bututun mai da sunan yana gyara fetur. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta gwada irin waɗannan kayayyaki fiye da 100, ba ta samu ko ɗaya da ya rage shan mai ta yadda za a kira shi abin kirki ba. Akwai kuma tsohon zancen cewa buɗe ƙofar bayan a-kori-kura na rage shan mai. A 2005 shirin talabijin na MythBusters ya gwada, ya tarar barin ta a rufe ya fi, domin iskar da ke kewayawa cikin bodin ita ke zama matashi ga wadda ke wucewa ta sama.

Amsa ta gaskiya daga wani injiniya mai hawan keke ta zo. Edwin Saltzman yana aiki a cibiyar gwajin jiragen sama ta NASA da ke hamadar Kalifoniya, kuma da keke yake zuwa aiki. Ya lura duk lokacin da babbar mota ta zo wuce shi, iskar gabanta kan ture shi gefe, in ta wuce kuma iskar bayanta ta janyo shi titi. Ya gane cewa ƙarfin da ke tura wannan iska daga tankin mai yake fitowa. Shi da abokan aikinsa suka samo tsohuwar motar Ford, suka lulluɓe ta da faifan alminiyum mai kusurwoyi huɗu kamar akwati, suka riƙa sakinta ta gangara ba giya suna auna yadda gudunta ke raguwa. Da suka lanƙwasa kusurwoyin akwatin duka, turjiyar iska ta ragu da fiye da rabi, alhali wurin zuba kaya kaɗan ne ya ragu. Daga nan suka koma kan babbar mota, suka gyara goshinta, suka rufe ratar da ke tsakanin kan mota da tirela. Irin rumfar da kuke gani a saman kan manyan motoci a yau tana da alaƙa da binciken wancan zamani.

Wannan shi ne abin da ya fi shafar mai a-kori-kura. Nauyi na cin mai a lokacin tashi da hawan tudu, amma a miƙaƙƙiyar hanya iska ce ke cin kaso mafi girma, gaban doguwar tirela kuwa kan fi gaban motar da ke janta faɗi da tsawo. Shi ya sa tirela mai zagayen goshi irin Airstream, wadda Wally Byam ya fara ƙera samfurinta na alminiyum a 1936, take da sauƙin ja fiye da mai siffar akwati. Shi ya sa kuma allon karkatar da iska da ake ɗaurawa a rufin mota ba ya amfani sosai in ya yi nisa da tirela: iskar na faɗowa cikin ratar ta sake bugun gaban tirelar.

Hanya ta biyu ita ce sauya inji. Litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100, injinsa kuma ya fi iya tatsar wannan ƙarfi, musamman in yana ɗauke da nauyi. Gwajin farko bai yi daɗi ba. A 1978 General Motors ya fito da injin dizal na Oldsmobile mai lita 5.7 wanda aka ɗora a kan fasalin injin fetur. Matsin cikin injin dizal ya ninka na fetur fiye da sau biyu, ƙusoshin kan injin suka riƙa gazawa, ba a kuma sa masa abin tace ruwa daga mai ba. Masu motoci suka kai ƙara kotu, sunan dizal ya ɓaci a Amurka na tsawon shekaru. Sai a 1982 kamfanin ya kawo mai lita 6.2, Ford ya biyo baya a 1983 da mai lita 6.9 na International Harvester. Waɗannan sun yi ƙarko amma ba su da kuzari a tudu, don haka masu gyara irin su Gale Banks suka riƙa sayar da kayan turbo ana ɗaura musu. A 1989 Dodge ya sa injin Cummins mai lita 5.9, silinda shida a jere, da turbo tun daga masana'anta. Asalinsa injin tarakta da kayan gini ne, ƙarfinsa na fitowa tun yana juyi a hankali, abin da mai jan kaya ke buƙata ke nan.

Giya ma ta taka rawa. Motar da aka shirya don ja, giyar ƙafafunta na baya kan sa inji ya yi ta kuka a kan babbar hanya. Kamfanin Gear Vendors ya yi suna da wani ƙaramin akwatin giya da ake ƙarawa a bayan na asali, wanda ke rage juyin inji da kashi 22 cikin 100. Amma direbobi sun koyi cewa ja da giyar da ta yi sama da yawa na wahalar da inji, ya kuma ɗumama akwatin giya. Abin da masu gareji suka fara, kamfanoni sun ƙarasa: F-150 ta 2017 da giya goma ta fito.

Da kwamfuta ta karɓi ragamar inji, gyara ya koma sauya lissafinta. Daga 2007 doka ta sa aka fara sa wa motocin dizal matatar hayaƙi a salansa, wadda ke ƙona ƙarin mai don wanke kanta. Shan mai ya ƙaru, mutane da yawa suka cire matatar suka yaudari kwamfutar. A 2020 EPA ta ƙiyasta cewa a-kori-kura masu dizal fiye da 550,000 aka yi wa haka cikin shekara goma. Ribar 'yan litoci ce ga mai mota, hayaƙin kuma huhun maƙwabta ke shaƙa. Hukuma ta ci tarar masu sayar da kayan cirewar. Kamfanoni ma ba su tsira ba: a Disambar 2023 Cummins ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.675 bisa zargin sa manhajar kauce wa dokar hayaƙi a motocin Ram, ko da yake bai amsa laifi ba.

Motocin baya-bayan nan sun ƙara tabbatar da abin da Saltzman ya gano. A 2011 Ford ya sa wa F-150 ƙaramin injin fetur mai turbo biyu, a 2015 ya mai da jikinta alminiyum, nauyinta ya ragu da kilo 300 da ɗoriya. Ba kaya tana tsimin mai, amma in aka ɗaura mata doguwar tirela yawancin ribar kan tafi, domin inji ƙarami ko babba, iskar da zai ture ɗaya ce.

A wurinmu ba a cika jan tirela da a-kori-kura ba, lodi muke yi har ya fi kan mota tsawo. Iska ba ta bambanta tirela da tulin buhuna ko katifu. Tun da aka janye tallafin fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, masu tallar na'urar rage shan mai ba sa rasa masu saurare, akwai kuma masu cire abin salansar nan da makanikai ke kira indomi. Abin da ya biya Amurkawa cikin shekara 50 bai wuce sassauta totur, rage tsayin lodi da ɗaure tamfol tamau, cika iskar taya, da zaɓen giyar da ta dace ba. Direbobi da makanikan da ke cikinmu, wanda ya taɓa auna man da ya sha a tafiya ɗaya da gudu biyu daban, ya kawo mana lissafinsa. Sai mako mai zuwa.