Alƙali da Ƙadi: Kalma Ɗaya, Kujera Biyu

A kotunan Arewa yau, in ka kira Ƙadin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da sunan alƙali, sai a ga kamar ka rage masa girma. Alhali kalmar ɗaya ce, daga "al-ƙadi" ta Larabci. Malaman ƙasar Hausa sun saba furta harafin ladi da "l", shi ya sa muke cewa alwala da farilla da haila. Ta wannan ƙofar alƙali ya shigo, kuma a Daular Sakkwato hurumin zaurensa na da faɗi: jini, dukiya, aure, duk gabansa ake kai su, a samansa kuma akwai Alƙalin Alƙalai.

Rabuwar ta faro ne gab da 'yancin kai. Turawa sun bar kotunan alƙalai suna aiki, har aka buɗe makarantar horar da su a Kano a 1934, da malamai daga Sudan. Amma a 1960 kundin Final Kod ya karɓe shari'ar laifuka, aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, aka raɗa wa shugabanta "Grand Kadi", rabi Turanci rabi Larabci. Shehu Abubakar Gumi ya hau kujerar a 1962. Suna ya ƙaru, hurumi ya ragu, domin abin da aka bar wa Ƙadi shi ne aure, saki, gado, wasiyya, waƙafi da riƙon yara. A ganina wannan ne ainihin ma'anar sabuwar kalmar: tana nuna matsayi a tsanin kotunan gwamnati, ba faɗin ikon da fiƙihu ya san alƙali da shi ba.

Wani zai ce Ƙadi ya fi kusa da Larabci, alƙali kuwa ya zube, tunda mai hura usur a filin ƙwallo ma alƙalin wasa ne. To, ai yaɗuwar kalma ba zubewa ba ce; Bahaushe ya yarda da ita ne har ya ara wa duk mai raba gardama. Kuma da ta zube, da gidajen rediyo ba su ɗauko tsohuwar sarautar Sakkwato sun ɗora wa shugaban Kotun Ƙoli a Abuja ba, wanda kullum a labarai Alƙalin Alƙalan Najeriya suke kiransa, ko bai taɓa buɗe littafin fiƙihu irin Muhtasar ba.