BABI NA UKU: SARKIN KOFUNA DA SARKIN RAFI

3.0 Shimfiɗa

A ƙasar Kura, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, karta abin wasa ce, wani lokaci kuma abin caca. Shi kuwa duba yana da nasa kayan aiki, wato bugun ƙasa da wuri da carbi da hisabi. To amma a 'yan shekarun nan wayar hannu ta kawo wa matasa wani nau'in duba na Turawa da ake yi da karta mai suna Tarot. Masu yin sa suna da'awar cewa kowane hoto da ke jikin kartar yana ɗauke da wani sirri tun na zamanin Fir'auna. Wannan babi zai ɗauki kati ɗaya daga cikin katunan sarauta, wato Sarkin Kofuna, ya bi diddigin ma'anarsa, sannan ya kwatanta shi da Sarkin Rafi na bori. An zaɓi waɗannan biyu ne domin kowannensu sarki ne da aka haɗa shi da ruwa, ruwa kuwa shi ne ginshiƙin rayuwar mutanen Kura da Bunkure. Manufar ita ce a nuna cewa al'ummar da ta kalli hoto ita ce take ba shi ma'ana.

3.1 Asalin Katunan Sarauta

Kartar Tarot tana da kati 78. Daga ciki, 56 sun kasu gida huɗu, wato kofuna da takubba da sanduna da tsabar kuɗi. Kowane gida yana da katunan sarauta huɗu: sarki da sarauniya da barde da yaron sarki.

Masana tarihi sun tabbatar da cewa waɗannan gidaje huɗu sun shiga Turai ne daga ƙasashen Musulmi. A shekarar 1939, L. A. Mayer ya ba da bayanin wata tsohuwar karta ta daular Mamluk ta Masar da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul. A cikinta akwai malik da na'ibinsa da na'ibi na biyu, daidai da tsarin mulkin wannan daula. Babu sarauniya, babu kuma hoton mutum, sai zane da rubutu. Da karta ta isa Turai wajajen 1370, sai Turawa suka zana mutane a jikinta, daga baya suka sanya sarauniya, domin haka fadojinsu suke. Ita Tarot ɗin an ƙirƙiro ta a arewacin Italiya wajajen 1440, aka yi ta wasa da ita a fadojin Milan da Ferrara. Haka kuma, a 1793, lokacin juyin juya halin Faransa, an buga karta wadda aka cire sarakuna daga cikinta. Ke nan tun asali fadar da ke cikin karta tana bin fadar da ke mulki ne.

3.2 Yadda Aka Ɗora wa Katin Ma'ana

An shafe fiye da shekara 300 ana wasa da Tarot kafin a mayar da ita sana'ar duba. A 1781 ne wani Bafaranshe mai suna Court de Gébelin ya rubuta cewa littafin hikimar Masarawan dauri ce. Wani kuma da ake kira Etteilla ya kama wannan magana, ya buga karta ta musamman domin duba wajajen 1789. Bayan da aka gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni a 1822, ba a sami wata hujja da ta goyi bayan wannan da'awa ba. Duk da haka maganar ta riga ta bazu.

A 1888 aka kafa wata ƙungiyar asiri a Landan mai suna Golden Dawn, wadda ta ƙarfafa ra'ayin cewa kofuna alama ce ta ruwa, ruwa kuma alama ce ta zuciya da so. Daga 'yan wannan ƙungiya A. E. Waite ya fito, shi ne ya sa Pamela Colman Smith ta zana kartar da aka buga a 1909, wadda ta fi kowace yaɗuwa. A zanenta, Sarkin Kofuna yana zaune bisa karaga a tsakiyar teku, da kofi a hannu ɗaya, da sandar mulki a ɗayan. Akwai siffar kifi rataye a wuyansa, ga jirgin ruwa can a bayansa. Ana fassara shi da dattijo mai adalci, ɗan kasuwa ko masanin shari'a ko malamin addini, wanda igiyar ruwa ba ta girgiza shi. Idan kuma katin ya faɗo a kife, sai a ce mayaudari ne mai baki biyu. Wannan siffa ta dace da Ingila ta wancan lokaci, ƙasar da ƙarfinta da arzikinta suka dogara ga jiragen ruwa.

3.3 Sarkin Rafi a Fadar Iskoki

Bahaushe ma ya daɗe da tsara abin da ba ya gani bisa tsarin fada. Besmer (1983), wanda ya yi bincike a kan bori a Kano, ya bayyana cewa 'yan bori sun ɗauka iskoki suna zaune a wani birni mai suna Jangare, mai gidaje goma sha biyu, ƙarƙashin Sarkin Aljan Sulaimanu. A cikinsu akwai Ɗan Galadima da Malam Alhaji da Sarkin Fulani da Sarkin Rafi. Wannan fada ita ma tana sauyawa da sauyin mulki, domin a 1925, zamanin mulkin Faransa, iskokin Babule sun ɓulla a yankin Filinge na Nijar da muƙamai irin su gwamna da kwamanda.

Sarkin Rafi an san shi da zafin rai. Idan ya hau dokinsa, wato mutumin da ya kama, yakan yi jifa, ma'ana ya daka tsalle ya faɗo da zaune, kuma ana danganta masa ciwon hauka. Ga sarki, ga ruwa, kamar dai a katin Turawa, amma fassarar ta sha bamban. Ana iya fahimtar dalili idan aka lura da matsayin rafi a tunanin Bahaushe. Wuri ne da ke ba da abinci a lokacin rani, kuma wuri ne da ake ɗauka mazaunin iskoki, inda ake hana yara zuwa da tsakar rana ko da almuru. Abin da ke ciyarwa kuma yana cutarwa, dole a ba shi sarki wanda ake lallashi.

3.4 Rafi a Ƙasar Kura

A ƙarni na 19, masarautar Kano tana karɓar kuɗin rafi daga masu lambu, kamar yadda take karɓar kuɗin karofi daga marina, sana'ar da Kura ta shahara da ita. Mai lambu yana ɗebo ruwa da jigo, kuma ƙarfinsa da zurfin ruwan su ne iyakar gonarsa. Wannan ya sauya bayan da gwamnatin Audu Bako ta kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Ruwa ya koma zuwa ta kanal, aka shiga noman alkama da shinkafa da tumatir gadan-gadan. Wanda manomi ke duban fuskarsa game da ruwa ya zama ma'aikacin da ke buɗe ƙofar kanal da shugabannin ƙungiyar manoma. Bugu da ƙari, malamai sun daɗe suna wa'azi a kan haramcin bori da duba tun jihadin 1804, kuma ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Kano a 2000 ya ƙara matse su. Saboda haka rafin da ya haifar da waccan siffa ta Sarkin Rafi ya canza, fassararsa ma ta ja baya.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa malik na Masar ba shi da fuska, Turawa suka ba shi fuska, 'yan duban Faransa da Ingila kuma suka ba shi hali. An kuma ga cewa sarki da ruwa sun ba da natsuwa a Landan, sun ba da hauka a Kano. Saboda haka duk mai nazarin al'ada da ya ci karo da irin wannan hoto, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne wa ya zana shi, a wane zamani, kuma ƙarƙashin wace fada. Babi na gaba zai duba bugun ƙasa da sunayen gidajensa goma sha shida bisa wannan ma'auni.