Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Sutura Da Kayan Ayarin Fataken Katsina

Sau da yawa idan marubutanmu suka zo ba da labarin zamanin da, sai su tashi jaruminsu daga Katsina, su sauke shi a Gwanja cikin layi biyu, kamar wanda ya shiga mota a tasha. Ba a gaya wa mai karatu ko da rani aka tashi ko da damina, balle abin da matafiyin ya sa a jikinsa ko ya ɗora wa jakinsa. Alhali kuwa ga kakanninmu fatake, waɗannan abubuwa su ne ke raba wanda zai dawo gida da wanda za a binne a gefen hanya. Saboda haka muka ga ya dace mu waiwayi tarihin ayari, mu ga yadda kowane yanayi na shekara yake da suturarsa da kayansa.

Tun kafin jihadi birnin Katsina ya kasance matattarar fatake. Ta arewa ayarin Buzaye kan sauko daga Azbin da gishirin Bilma da dabino, Larabawan Gadamus kuma su zo da hajar bakin teku. Ta yamma da kudu kuwa hanyar goro ce, wadda kan ratsa Zamfara da Kabi, ta haye kogin Kwara, ta bi ƙasar Bargu har Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara da wannan fatauci, kuma babban ayarinsu yakan kai mutum 1,000 ko fiye, maza da mata, 'ya'ya da bayi. Madugu ke shugabanci, jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana lura da kuɗin fito da gaisuwar sarakuna, malamin ayari kuma shi ke zaɓen ranar tashi da riƙe lissafi. Amma duk ikon madugu, yanayin shekara shi ke faɗa masa ranar da zai ɗaura kaya.

Kaka ita ce lokacin shiri. Ruwa ya ɗauke, koguna sun fara janyewa, hatsi ya yi araha, ga ciyawa da harawa ko'ina don dabbobi. A nan ne dukawa da majema ke cin kasuwarsu, domin kusan rabin kayan falke fata ne. Akwai waga da taiki na zuba haja, da salkar ruwa, da burgami da zabira na ƙananan kaya, da tandun mai, da buzun salla wanda shi ne kuma shimfiɗar kwana. Jaki a yi masa sabon akumari don kada kaya su ci masa baya, ɗan alaro kuma ya naɗa gammonsa. Mata a gida suna ta dakan guzurin da ba ya saurin lalacewa, wato garin gero da gumba da dakuwa da ƙuli-ƙuli, a haɗa da kilishi da kuka da daddawa. Hajar da za a kai kuwa ta haɗa da kanwa da turkuɗi da jar fata da gabu. Wanda ya yi sakaci a wannan lokaci ba shi da wurin gyara a gaba, shi ya sa Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Da an kama hanya sai hunturu ya tarye su. Ayari kan tashi tun da asuba, lokacin da ɗari ya fi tsanani, don a isa zango kafin rana ta take. Falke ba ya tafiya da babbar riga. Takan zauna a naɗe cikin taiki sai ranar da za a shiga gaban wani sarki. Kayan hanya su ne taguwa ko 'yar shara da wando, masu ɗaukar kaya kuwa bante ko walki, sannan a yafa gwado ko luru, wanda da dare shi ne mayafi. Rawani a nan ba ado ba ne, domin amawalinsa ke tare hanci da baki daga ƙura. Ga takalmi faɗe saboda ƙaya da ƙarangiya, ga man shanu ko man kaɗanya na shafa wa ƙafa, domin faso ɗaya in ya yi zurfi ya isa ya sa a bar mutum a baya. Ƙyastu kuwa ba ya rabuwa da aljihu, tun da babu zangon da zai kwanu ba wuta. A irin wannan yanayi ne Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Katsina a farkon shekarar 1851, tare da ayarin gishiri na Azbin, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello.

Idan bazara ta shigo sai lissafi ya juya. Gwado ya zama nauyi, salka ta zama rai. Malafa ta hau kan rawani, rijiyoyi sun ja baya, tabkuna sun ƙafe, sai ayari ya koma tafiyar dare inda hali ya yi. Ba tsawon hanya ake aunawa ba, tazarar da ke tsakanin ruwa da ruwa ake aunawa. Misali mafi kusa da mu shi ne dajin Gundumi da ke kan hanyar Sakkwato, inda ba ruwa, ga kuma tsoron mahara daga Gobir. Lokacin da Barth ya sake biyowa ta Katsina a 1853 a kan hanyarsa ta Tumbutu, sai da ayarinsu ya yi tafiyar awa 26 ba zango kafin ya fita daga wannan daji. Wannan ne ya sa kwari da baka da mashi da takobi suke cikin kayan tafiya kamar yadda tukunya da ƙwarya suke, ga kuma layu da kambu a damtse. Masu dawowa da goro kuma suna da ƙarin ɗawainiya, domin goro ba ya son zafi. Sai an naɗe shi cikin ganyen fita, a riƙa kwancewa bayan 'yan kwanaki ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara ɓaci. Wani lokaci falke kan haƙura da ƙishirwarsa ya ba goro ruwan.

Damina kuwa ba a neman ta a kan hanya, sai dai ta riski mutum. Koguna sun cika, fadamu sun zama taɓo, gishiri da kanwa in ruwa ya taɓa su sun narke, tsando kuma a ƙasashen kudu yana kashe jakuna. Wanda ta riska sai ya nemi kabido, wato rufin kaba da ake sawa daga ka har baya, ya lulluɓe haja da fatu, ya sauke ta kan itace a zango don kada ta ja laima. Galibi madugu mai hankali yakan gwammace a kafa bukkoki a yi damina a wani gari, har ma a yi ɗan noma. Da yawa daga cikin unguwannin Hausawa da ake kira Zango a Gana da Togo da Binin, asalinsu masaukin irin waɗannan fatake ne da zama ya yi wa daɗi.

Ƙarshen wannan zamani bai zo a rana ɗaya ba. Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892, Katsina ta shiga hannun Turawa a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Daga nan goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, ya hau jirgi zuwa Arewa cikin 'yan kwanaki. Hatta aikin hajji, wanda a da ake shekaru ana taka shi a ƙasa ta Barno da Darfur, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi shi ta jirgin ruwa a 1921. Da ayari ya watse, sai kayansa suka fara ɓacewa, sunayensu kuma suna biye da su.

To, a nan ne aikin ya faɗo kanmu. Yau yara nawa ne a cikin birni za su bambance waga da taiki, ko su faɗi abin da ake nufi da kabido? Abubakar Tafawa Ɓalewa ya adana mana wani yanki na rayuwar ayarin hamada a cikin Shaihu Umar, amma hanyar Gwanja har yanzu tana jiran mai ba da labarinta yadda ya kamata. Muna kira ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, da su zauna da dattawan dukawa da jikokin fatake a unguwannin Katsina, su tambayi sunan kowane abu da amfaninsa da lokacinsa, su rubuta tun masu sanin suna raye. In kuma za su tashi jarumi daga Ƙofar Guga ko Ƙofar 'Yanɗaka, to su fara tambayar kansu wane wata ne, domin amsar ita za ta faɗi abin da ke wuyansa da abin da ke bayan jakinsa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.