Jakin Taki da Ganuwar Birni

Kakana bai taɓa jin sunan Ibn Khaldun ba, amma ya san hanyar Tofa zuwa Ƙofar Kabuga kamar yunwar cikinsa. Da rani yakan yi sammako da jakuna biyu, ya kai itace da kara birni, ya dawo da mangaloli cike da shara, toka da kashin dabbobi, ya juye a gona. Haka ubansa ya yi. In ana tarihin Kano ba a ambaton irinsu, sai sarakuna. Ni kuwa ina ganin ba za a gane yadda Kano ta tashi, ta kuma daɗe a tsaye ba, sai an bi sawun jakunan nan.

Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377. A ganinsa daula tana tashi ne da haɗin kan mutanen da wuya ta horar. Su ci birni, su zauna, jikokinsu su saba da daɗi, haraji ya yi nauyi, sai wasu masu yunwa su fito daga daji su ture su. In ka ɗora wannan ma'auni a kan Kano, zai hau, amma ba duka ba.

Tarihin Kano ya ce Bagauda ya zo a 999 ya tarar da mutanen Dala. Gijimasu ya fara ganuwa a ƙarni na 12. Wangarawa suka iso daga Mali zamanin Yaji da addini da fatauci. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina gidan da har yau sarki ke ciki, ya kafa kasuwar Kurmi, ya karɓi Shehu Maghili. Bayan nan wuya ta biyo: yaƙe-yaƙe da Katsina, da hare-haren Kwararrafa a ƙarni na 17. Sarakunan ƙarshe suka tsananta haraji, har a kan malamai da 'yan kasuwa. Da jihadi ya zo, Alwali ya sha kashi a Ɗan Yaya a 1807, gidan da ya yi kusan shekara ɗari takwas ya rushe. Zuwa nan malamin Tunis bai faɗi ba daidai ba.

Sai dai gidan sarauta ne ya faɗi, Kano ba ta faɗi ba. Shekara 44 kacal bayan Ɗan Yaya, Bajamushe Barth ya shigo birnin a 1851, ya tarar da kasuwa na ci, rigunan saƙi da rini na tafiya har Tambutu da Tarabulus. Ya ƙiyasta mazauna birnin da dubu talatin, ban da baƙin rani. Kwatanta da Songhai. Da sojan Maroko suka karya ta a Tondibi a 1591, Gawo ba ta sake komawa yadda take ba. Ko Katsina ta nan kusa, bayan jihadi yaƙi da Maraɗi ya hana ta sakat, fatake suka kwashe kayansu suka dawo Kano.

Me ya raba su? Arzikin Songhai ya rataya ne a kan zinari da gishiri masu wucewa ta cikinta, abin da wani ya haƙo, wani zai saya. Da tsaro ya lalace, hanya ta kauce, sai ta bar su da rairayi. Abin da Kano ke sayarwa kuwa a gonakinta ya tsiro. Audugar daga ƙauye, baban rini daga ƙauye, masaƙin ma yawanci manomi ne da ya ajiye fartanya ya hau masaƙa da rani. Kuma ƙasar da ke kewaye da birni ana noma ta kowace damina, ba a barinta ta huta, amma ba ta mutu ba, saboda takin da jakuna ke dawowa da shi, da kashin awaki da tumakin da ake ɗaure a gida, da gawo da ɗorawa da aka bari tsaye a tsakiyar gona, da waken da ake shukawa cikin gero da dawa. Birni ya ci hatsin ƙauye, ƙauye ya ci sharar birni. Ba zan ɓoye ba, akwai gumin bayi a gandayen sarakuna da attajirai cikin wannan arziki, kuma masu yabon zamanin da sukan tsallake wannan layin.

Turawa sun ci Kano a 1903, suka tarar da wannan tsari suka hau kai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911. Sun so auduga, manomi ya duba farashi ya shuka gyaɗa, har aka yi dalar da Alhassan Ɗantata ya yi suna da ita. Wannan ma ya wuce: farin farkon shekarun 1970, cutar gyaɗa ta 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Masaƙun Bompai da Sharaɗa suka yi nasu zamanin, yawancinsu suka rufe.

Duk waɗannan faɗuwa gonar ta shanye su. Abin da ban tabbata za ta shanye ba shi ne na yanzu, domin wannan karon birnin ne da kansa ke tahowa. Bi titin Gwarzo ka wuce sabuwar jami'ar Bayero, ka nufi Janguza da Langel, ka ƙirga duwatsun filoti a inda ka san dawa. Sharar birnin ma ta cika da leda, manomi sai ya tsince kafin ya zuba.

Gonar kakana an raba ta gado gida tara. Rabona bai kai a juya garmar shanu a ciki ba. Watan jiya dillali ya kira ni sau uku, kuma kuɗin da ya faɗa ya fi abin da nake samu a shekara guda ina rubuta manhaja. 'Yan'uwana huɗu sun riga sun sa hannu. Na ce masa ya bari sai bayan kaka.